Mustang ƙirar 1966: birki ko ƙafa, da wanne zan fara in kuɗin kaɗan ne?

Sadiq_Houston
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan da na sayi Ford Mustang ƙirar 1966 a hannun wani dattijo da ta daɗe a kulle a garejinsa. Injin V8 ne, 289 (girmansa ke nan a ma'aunin kubik inci), kuma lafiyarsa ƙalau, muna wanke kafireta muka sa sabon batir ya tashi. Matsalar a ƙasa take. Ranar Asabar na hau babban titi da ita, motar gabana ta tsaya ba zato, ina taka birki sai ta fizge ni hagu, saura ƙiris in goga wata mota a layin gefe. Allah ne ya tsare. Ga shi in na sha kwana sai ta kwanta kamar kwale-kwale, bayanta kuma ya zauna. Duk ƙafa huɗun birkin diram ne. Dala 1,500 na ware, bana ba zan iya wuce haka ba. Abin da ke raina shi ne in zuba kuɗin duka a birkin faifai na gaba. Masu sani, me kuka gani?

Oga_Ila_Makanike
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara tsarewa. Kafin maganar faifai, ka cire tayoyin nan huɗu ka buɗe diram ka duba. Mota in ta fizge gefe guda, yawanci ƙaramin silinda na ƙafa ɗaya ne ya kafe, ko yana yoyo ya jiƙa takalmin birki da mai, ko tiyo ya toshe ta ciki. Motar da ta yi shekaru a ajiye, duk ukun ma suna iya haɗuwa. Shekara ashirin da biyu ina buɗe diram a Kano, ban taɓa ganin wanda aka saita daidai yana jan mota gefe haka kawai ba. Don Allah kar ka sake hawa babban titi da ita sai ka duba.

Injiniya_Rabi
Malam Sadiq, buɗe boneti ka kalli mastan birki, wato famfon da feda ke turawa ya aika mai zuwa ƙafafu, a jikin bangon da ya raba inji da cikin mota, ɓangaren direba. Murfi ɗaya ne zagayayye kamar na kwalba, da rami ɗaya na mai? In haka ne, wannan shi ne aikinka na farko, kafin faifai, kafin sifirin, kafin komai. Mustang ta 1965 da ta 1966 da masta mai hanya ɗaya suka fito. Ma'ana duk ƙafa huɗun daga tukunya ɗaya suke shan mai. Tiyo ɗaya ya fashe, ko bututu ya huje saboda tsatsa, birki ya tafi gaba ɗaya, sai birkin hannu ya rage maka. Daga ƙirar 1967 ne Ford ta koma masta mai hanya biyu, gaba daban baya daban. Ta 1967 tana hawa kan bangon motarka, sai dai a sake jan bututu a raba gaba da baya. Cikin duk kayan da za a lissafa maka, tana cikin masu arha, kuma ita ce ke tsakaninka da mummunan labari.

Sadiq_Houston
Hajiya, yanzu na leƙa. Murfi ɗaya ne, man ciki kuma baƙi ƙirin kamar shayin da ya kwana. Ban san haka abin yake ba wallahi.

Ɗan_Zongo_Hamburg
Na taɓa jin ana cewa ana ɗauko birkin Granada a sa wa Mustang. Nan Jamus har yanzu ana samun kayan Granada wurin masu tsofaffin motoci. In kana so in tambaya maka.

Malam_Buba_Ohio
Ɗan Zongo, ka yi niyyar alheri, amma Granada biyu ce. Ta wurinku ta Turai ce, wadda aka riƙa haɗawa a Kolon ta Jamus, ba abin da ya haɗa ƙafarta da Mustang. Wadda ake nufi ita ce Granada ta Amurka, ƙirar 1975 zuwa 1980, da 'yar'uwarta Mercury Monarch. Su ne suka gaji tsarin ƙafa daga Falcon, kamar yadda Mustang ta gada.

Ni na yi wannan aikin a tawa, ƙirar 1968, shekarun baya. A wancan lokacin sai ka shiga filin tsofaffin motoci da sufanarka ka kwance duk ƙafar gaba, faifai mai inci 11 da kalifa (abin da ke matse faifan) da komai, ka biya kuɗi kaɗan ka tafi. Yanzu filayen sun ƙare da Granada, sai dai sabbin kwafi da ake ƙerawa. Kuma akwai abubuwa biyu da masu tallar ba sa saurin faɗa. Cibiyar faifan Granada ta fi ta asali kauri, don haka wilin ƙarfe na asali mai inci 14 sau da yawa ba ya shiga, sai ka sayi wasu wili ko a rage cibiyar a wurin masu injin sassaƙa ƙarfe. Na biyu, a kan 1965 da 1966 hannun sitiyarin ƙafar Granada bai zo daidai da na asali ba, sai ka ji motar tana ɗan karkata da kanta in ta hau tudu ko ta faɗa rami. A tawa ta 1968 ban sha wannan ba, amma taka 1966 ce, Sadiq. Da ni ne kai, zan nemi irin faifan Kelsey-Hayes mai fistin huɗu, wanda Ford da kanta ta sa wa Mustang GT a shekarun nan. Ana yin kwafinsa, kuma yana hawa kan ƙafar V8 ɗinka ba tare da ka canza ta ba.

Ɗan_Zongo_Hamburg
Na gode Malam Buba, na ƙaru. Mu nan ma in kana son lambar H ta motar tarihi, sai mota ta kai shekara 30 kuma tana kusa da yadda ta fito. Canjin da ya dace da zamaninta ana karɓa, amma ka sa mata manyan kalifa jajaye da wili inci 18, za ka sha tambaya wurin masu duba mota.

Alhaji_Tanko_KD
Ni dai tambaya gare ni. Dala 1,500 a kan motar da ta girmi mai ita? Ɗana, ka san nawa ne wannan in an canza shi zuwa naira? Ga 'yan'uwa a gida.

Sadiq_Houston
Baba Alhaji, maganarka gaskiya ce kuma na karɓa. Haƙƙin gida ina fitar da shi kowane wata kafin in taɓa komai. Wannan kuɗin aikin ƙarshen mako ne na tara a hankali. Mahaifina direba ne, a gefen 504 ɗinsa na tashi ina miƙa masa sufana. Tunda ya rasu ban sake samun natsuwar da nake samu a ƙarƙashin mota ba sai da na sayi wannan.

Alhaji_Tanko_KD
Allah ya jiƙansa da rahama. To in haka ne ka gyara ta da kyau, kar ka yi rabi da rabi. Ni ma 504 na riƙe shekara goma sha shida, haɗin Kaduna. Abin da na koya a kanta shi ne taya. Birki komai kyansa, in taya ta bushe, zamewa za ka yi.

Injiniya_Rabi
Alhaji ya taɓo inda nake son zuwa. Birki ba ya tsayar da mota, taya yake tsayarwa. Tayar ce ke riƙe kwalta. In diram ɗinka yana iya kulle taya har ta yi ƙara, to a takun farko faifai ba zai rage maka nisa sosai ba. Amfanin faifai yana fitowa ne a taku na uku da na huɗu a jere. Diram rufaffe ne, zafi ya taru a ciki, ƙarfen ya buɗe ya yi nesa da takalmi, sai ka ji feda tana nutsewa. Faifai a fili yake, iska na dukansa. Kuma in gudu ya ninka biyu, zafin da birki zai haɗiye ninki huɗu yake yi. Ga ruwa: Houston garin ambaliya ne, diram in ya sha ruwa sai ya ɗauki lokaci kafin ya kama, faifai kuwa juyi kaɗan ya share kansa.

Saboda haka ban ce kar a sa faifai ba. Cewa na yi a duba gefen taya tukuna. Akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In lambobi uku ka gani, tayar ta riga shekarar 2000, ko zanenta sabo fil ne a jefar da ita.

Sadiq_Houston
Na gaba 2311, na baya 4009. Zanen duk yana nan kamar ba a taka ba.

Oga_Ila_Makanike
Mako na 23 na 2011, da mako na 40 na 2009 ke nan. Roba ta mutu a tsaye. Kuɗin taya huɗu ya fita daga lissafinka tun yanzu, Yallaɓai.

Mamman_Maradi
Sannunku da hira. Ni tambayata a gefe take. Ita Mustang ɗin nan tana cikin waɗanda Amurkawa ke kira muscle car? Wani abokina ya ce ba ta ciki.

GTO_Jidda
Abokinka yana da hujja. A asali sunan na matsakaiciyar mota ne da aka cusa wa babban inji, kuma yawanci daga Pontiac GTO ta 1964 ake fara lissafi, mai inji 389. Mustang ƙarama ce, ajinta daban, ita ce ma ta buɗe ajin da Camaro ta shigo a 1967. Amma yau mutane sun haɗe su duka. Kuma ciwonsu ɗaya: GTO ta 1964, da duk ƙarfin nan, diram mai inci tara da rabi ta fito da shi. An ba su ƙafar gudu, an hana su ta tsayawa. Nan Saudiyya motocin Amurka sun daɗe, Caprice kam ba a magana, kuma duk wanda na sani da tsohuwar Chevelle ko GTO, faifan ƙirar 1969 zuwa 1972 na gidan GM yake nema ya sa. Masu Dodge Dart kuma na 1973 zuwa 1976. Kowane gida da inda yake aro.

Mamman_Maradi
Madalla. To ku ci gaba, ina saurare. Mu nan amortisa muke ce wa abin da kuke kira shokazoba, in kun zo kansa ina da tambaya.

Malam_Buba_Ohio
To mu zo kan ƙafar, don har yanzu ba wanda ya taɓa maganar kwanciya a kwana. Sadiq, akwai gyaran da kusan kyauta ne, kuma a ganina ya fi duk wani abin da za ka saya. Ana ce masa saukin Shelby, wasu su ce saukin Arning, da sunan Klaus Arning, injiniyan Ford da ya tsara shi. Carroll Shelby, mai haɗa motocin tsere, ya yi amfani da shi a Mustang ɗinsa ta GT350 ta 1965.

Ga yadda abin yake. A tsarin asali, in mota ta kwanta a kwana, tayar waje sai samanta ya kife waje, ta koma tana taka gefenta maimakon duk faɗinta. Shi ya sa kake juya sitiyari gaban motar yana neman wucewa kai tsaye. Maganin shi ne a sauke inda hannun sama yake ɗaure a jikin bodi. A huda sababbin ramuka biyu a kowane gefe, inci ɗaya ƙasa da na asali, a 1965 da 1966 kuma a ja su baya da kashi ɗaya cikin takwas na inci. Bakin mahuji 17/32 na inci. Ana sayar da farantin awo na ƙarfe da za ka ɗaura a tsofaffin ramukan ya nuna maka inda za ka huda. Saye shi, kar ka auna da ido. Kar kuma ka zarce inci ɗaya da hannun asali, boljoyin zai ƙure ya karye.

Tunda hannun zai fita ai, lokacin ne za ka canza bushin da boljoyin da mazaunin sifirin gaba ɗaya. Bayan haka sandar stabilaiza, mai rage kwanciyar mota a kwana. Ta asali siririya ce. GT350 mai kaurin inci ɗaya ta sa a gaba, kuma ana samunta da sauƙin kuɗi. Ranar da na fito da tawa bayan wannan aikin, kwanar farko na san motar ta canza.

Oga_Ila_Makanike
Malam Buba, ka tsallake gargaɗi. Na kalli hoton ƙafar motar nan, sifirin a saman hannun sama yake zaune, a matse. Wanda bai saba ba ya kwance noti haka kawai, sifirin zai fito kamar harsashi. Na ga yaron da ya rasa haƙora huɗu a garejin maƙwabcinmu kan sifirin da bai kai wannan ba. A nemi abin matse sifirin irin wanda ake zurawa ta ciki, mai kyau. Kuma kar a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai.

Malam_Buba_Ohio
Gaskiya ne Oga Ila, na yi kuskuren barin wannan. Shagunan kayan mota a nan da yawa suna ba da aron abin matsewar, ka ajiye kuɗi, in ka mayar a dawo maka da su.

Zahra_Mopar
Ni Dodge gare ni, tamu ƙafar sandar murɗawa ce, ba irin taku ba, amma ina da abu ɗaya da na ga ya cuci masu Mustang. Za a tallata maka bushin na roba mai tauri, jajaye, a ce ka sa ko'ina. A stabilaiza suna da kyau. Amma akwai sandar da ta taso daga hannun ƙasa ta tafi gaba ta ɗaure a bodi. Ita dole ta riƙa motsi sama da ƙasa. In ka sa mata mai tauri, sandar ce ke lanƙwasa a madadin robar, har wata rana ta karye a wurin zare. Ta karye kana kan birki, taya ta koma baya. A wannan wurin roba baƙa ta gargajiya za ka sa. Kuma duk notin bushin, kar a ɗaure shi tamau sai mota ta sauka ta tsaya da nauyinta.

Mamman_Maradi
Tambayata ke nan ta zo. Bayan da ya zauna fa? Mu nan in sifirin faranti ya kwanta, maƙera muke kai wa su buga shi ya dawo, ko a ƙara faranti ɗaya. Ba zai yi a can ba?

GTO_Jidda
Akwai masu yi a can ma, masu gyaran sifirin manyan motoci. Amma ƙarfen da ya shekara sama da hamsin ya gaji, in an buga zai sake kwanciya. Sabo na Mustang ba shi da tsada tunda ana ƙera shi da yawa. Abin da zan hana shi ne shokazoba mai iska da ake hurawa don a ɗaga baya. Wurin da shokazoban baya ke ɗaure a motar nan falle ne na bodi, ba a yi shi don ɗaukar nauyin mota ba, tsagewa yake.

Malam_Buba_Ohio
Tunda an ambaci falle: Mustang ba ta da shasi daban, bodin ne shasin. Kafin ka huda komai, ɗauki sukudireba ka caccaki hasumiyar shokazoba ta gaba, da ƙasan ƙafar direba, da inda sifirin baya ke ɗaure. Mu nan Ohio gishirin da ake zuba wa titi da hunturu ya cinye motoci da yawa ta nan. Ku a Texas da sauƙi, amma ka tambayi dattijon inda motar ta yi ƙuruciyarta. In akwai ruɓa, kuɗin walda ne farko, duk sauran maganarmu ta jira.

Sadiq_Houston
Na caccaka, ƙarfe ne ko'ina alhamdu lillahi, sai ɗan tsatsa a ƙarƙashin batir. Na buɗe diram na dama kamar yadda Oga Ila ya ce: takalmin jiƙe yake sharkaf da mai, shi ya sa na hagu kaɗai ke kamawa. Yanzu ga inda na tsaya. Taya huɗu, masta mai hanya biyu, tiyo uku, sababbin bututu, bushin da boljoyin, shokazoba huɗu. In na haɗa wannan, abin da ya rage ba zai sayi faifai ba. Ko dai in gyara diram bana in yi saukin Shelby da stabilaiza da sifirin baya, ko in sayi faifai in bar ƙafar zuwa baɗi.

Injiniya_Rabi
Kafin ka zaɓa, ka san masta ta diram da ta faifai ba ɗaya ba ce. Ta diram tana da ɗan bawul da ke riƙe matsin mai kaɗan a layi. In ka bar shi a layin faifai, birki zai riƙa gogawa yana zafi. Faifai a gaba da diram a baya kuma suna buƙatar bawul mai rage matsin baya, in ba haka ba baya ya riga gaba kullewa motar ta juya da kai. Wato in ka sayi ta diram bana, baɗi za ka sake saye ka sake taɓa bututu. Ni da zan yi, birkin zan gama sau ɗaya. Ka tuna motar nan bel ɗin cinya kawai gare ta, sandar sitiyarinta kuma ba mai nutsewa ba ce in an yi karo, sai a 1968 aka sa wa Mustang irin wannan.

Man birki kuma DOT 3 ko DOT 4, kar ka haɗa da DOT 5. DOT 3 da DOT 4 suna shan danshin iska: DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 na Salsiyas, in ya sha ruwa ma'aunin ya sauko 140. A laimar garinku, duk shekara biyu ka zubar ka sake.

Oga_Ila_Makanike
Hajiya, a nan mun ɗan saɓa. Motar ba ta kai tan ɗaya da rabi ba, garin kuma shimfiɗe yake, ba gangaren dutse. Diram mai inci 10 da sabon silinda da sabon takalmi, an saita shi, zai riƙe ta a tuƙin ƙarshen mako. Amma boljoyin da ya gaji, in ya fita, faifai ba zai cece ka ba. Kuma motar da ke rawa a kan matattun shokazoba, tayarta tsalle take, ba ta kama ƙasa balle birki ya yi aiki. Mastan da za a sake saye baɗi kuɗinta kaɗan ne. Sai dai in za ka wanke diram, kar ka hura ƙurar da iska, tsofaffin takalma suna iya zama masu asbestos, wanda shaƙar ƙurarsa ke cutar da huhu. Jiƙa ta ka goge.

Zahra_Mopar
Ina bayan Oga Ila, da sharaɗi ɗaya: ya bar tazara mai yawa a titi. Motocin da ke gabansa duk masu ABS ne, na'urar da ke hana taya kullewa, suna tsayawa inda tasa ba za ta iya ba.

GTO_Jidda
To ai wannan sharaɗin shi ne hujjar Hajiya Rabi. A titin Houston in ka bar tazara wani ne zai shige ciki.

Malam_Buba_Ohio
Ko wanne ka zaɓa, in ka taɓa ƙafar gaba sai an yi alaimen, kuma kar ka bari su yi maka da lambobin littafin 1966. Waɗancan na tayoyin zamanin da ne. Da tayar yanzu, ka ce kasta (jinginar saman ƙafa zuwa baya) digiri biyu zuwa uku, kamba (karkatar saman taya) sifili zuwa rabin digiri ciki, bakin tayoyi ya shigo da kashi ɗaya cikin takwas na inci. Taka da ƴan faranti ake saita ta a bayan hannun sama, don haka nemi tsohon hannu da ya san aikin. Sitiyarin zai ɗan ƙara nauyi wurin fakin.

Sadiq_Houston
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Taya da tiyo da bututu na yi oda yau, tunda su ba gardama a kansu. Mastan ce ban danna ba tukuna. Malam Buba, in na ɗauki irin Kelsey-Hayes ɗin nan, wilina na asali mai inci 14 zai shiga, ko shi ma sai na canza?

Malam_Buba_Ohio
Ya danganta da wilin. Ford ta sa faifan nan a ƙarƙashin inci 14, amma wasu wilin diram cikinsu yana taɓa kalifa. Cire ɗaya ka ɗauki hoton bayansa, ka ɗora ma'auni daga inda yake zama a cibiya zuwa bakinsa, ka turo mu gani.